Wufar da Ta Fi Ƙarfin Ɗakin Babansu

Kai mai karanta wannan, in iyayenka na raye kuma aiki ya kai ka nesa da su, ka saurare ni. Kada ka karanta wasiƙar gida a tsaye, takalmi a ƙafa, rabin hankalinka na wurin aiki. Nemi wuri ka zauna, ka karanta, ka sake karantawa. Tsofaffi ba kasafai suke fitowa fili su ce maka ƙarfi ya ƙare ba.

Ni uwa ce mai 'ya'ya biyu. Babbar tana aure kusa da mu, Yaya muke ce mata. Ƙaramin sana'arsa haɗa kayan sauti a manyan ɗakunan taro, kamfaninsu ya kai shi wuri mai nisa, tafiyar kwana da kwanaki. Ubansa ne ya sa masa Injiniya tun yana yaro yana kwance masa rediyo. Shi uban a masaƙa ya ƙare ƙuruciyarsa, injuna suka cinye masa ji, ƙurar zare ta cinye huhu. Waya ba ta yi masa amfani, shi ya sa muke wasiƙa, kuma duk wadda na rubuta sai ya karanta kafin a liƙe.

Da likita ya ce ciwon huhun ya wuce magani, sai ya sa ni da Yaya muka yi masa alkawari ba za mu gaya wa yaron ba, ko a takarda ko a waya, sai ya gama wani babban aiki da aka ɗora shi a kai karon farko. Abin da ya rage mini shi ne in jawo ɗana gida ya ga ubansa da rai, ba tare da na faɗi dalili ba. Ga wasiƙun nan yadda suke.

*

Zuwa ga Baba da Umma,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fatan kuna lafiya. Ni ma lafiya lau, ban da mura da ta ɗan taɓa ni ta sake ni. Ya gwiwar Umma? A gaishe da Yaya da maigidanta da yara.

Bayan haka, Baba, maganar da ka ƙara a ƙasan wasiƙar Umma ta tsaya mini a rai. Ka ce in ka sa tsofaffin fayafayanka na waƙa yanzu, kana ganin allura na tafiya amma ba ka jin komai sai raɗa-raɗa can nesa. Na zauna na yi tunani. Kunnen da inji ya taɓa, siririn sauti yake fara rasawa, mai kaurin yakan daɗe. Su kuma sifikokinka biyu na katako, duk da kyansu, ƙanana ne, ba sa iya sauka ƙasa su fitar da kaurin ganga. Wato abin da suke bayarwa kunnenka ya daina karɓa, abin da kunnenka ke karɓa kuma ba su da shi.

Na san in na ce a canza su za a yi yaƙi, tunda sun girme ni a gidan. Saboda haka na aiko da wufa. Akwati ne guda, aikinsa ɗaya: ya ɗauki sauti mai kauri, ya bar wa ƙananan sauran. Kuma ba da ka na zaɓa ba, don wufa da ɗaki ake auna ta. Na rufe ido na tuno falonmu, daga ƙofar shiga har tagar baya, inda ni da Yaya muke buga ƙwallo Umma na bin mu da tsintsiya. Ga rufi mai tsawo, ga matakalar bene a buɗe tana shanye sauti. Ƙarama ba za ta cika wannan falon ba, sai na ɗauko babba.

Umma, na san abin da za ki ce, shirme da almubazzaranci. Ki yi haƙuri ki bar ta ta shigo. Mai motar kaya zai kawo, na zana yadda za a haɗa wayoyin da jan biro da baƙi, takardar na manne a samanta.

Zuwa gida kuwa sai aikin nan ya sauka daga kaina. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku,
Injiniya

*

Ɗana,

Bayan gaisuwa. Mun samu wasiƙarka, mun gode Allah da murar ta sake ka. Ka daina shan ruwan sanyi kana gumi, ba yau na fara faɗa ba. Gwiwata na nan yadda ka sani. Babanku yana nan, yana gaishe ka.

Akwatinka ya iso. Ƙarti biyu suka shigo da shi suna nishi, maƙwabta na leƙe suna tambaya ko firji muka sake. Mijin Yaya ya haɗa wayoyin yadda ka zana, ya tura wufar lungu don kada ta tare hanya. Da aka kunna, na ɗauka babbar mota ce ta afko gidan. Kofuna suka kama rawa a kan tire, hoton bango ya karkace, kwalaben magani suka gangaro ƙasa har ɗaya ta fashe. Babanku ya dafe ƙirji ya ce a kashe. Ya ce abin yana dukansa a haƙarƙari amma ba waƙa a ciki, gurnani ne zalla. Yanzu tana nan na lulluɓe ta da zane, na ɗora fulas a kai. Tebur ne mai kyau, wannan kam na yarda.

Ga abin da nake so ka ji. Ka zaɓi kaya da falon da ke cikin kanka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuwa rabonka da gidan nan, jaririyar Yaya da ka bari a goye yau da jakar makaranta take fita. Gida ba hoto ba ne da zai tsaya yadda ka bar shi. Ɗakin nan ba yadda ka sani yake ba, kuma ba zan auna maka shi a takarda ba. Ka zo ka gani da idonka, ka saita abinka da hannunka. Abin kunya ne mutum yana gyara wa baƙi sauti a ɗakin taro, ubansa na zaune da akwati a lulluɓe. Ko kwana biyu ne sun isa. Ka nemi izini, ba a taɓa yanka mutum don ya nemi izini ba.

Zumunta a ƙafa take, ba a bayan motar kaya ba.

Mahaifiyarka

Injiniya, kar ka biye wa uwarka Alƙaliya. Ka san ta, ko zuma aka ba ta sai ta tambayi wa ya wanke kwanon. Akwati ya yi kyau. Ka tsaya ka gama aikinka. Babanka.

*

Baba da Umma,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, kuma ruwan sanyi na bari, sai dai ɗan kaɗan in ba mai gani. Da na zo wurin fulas na yi dariya har abokan aiki suka ce in ba su labari.

Umma, na ji faɗa, na karɓa. Amma tun ina makarantar kwana kowace wasiƙarki da "ka zo" take ƙarewa. Yanzu kam ba hali. Ni aka ba ragamar wannan ɗakin taron, in na ɗaga ƙafa wani za a ɗora, kuma akwai masu jiran hakan. Baba ya fahimta.

Matsalar wufa ba sai na zo ba. Da farko a fitar da ita daga lungu. Kusurwa ninka kauri take yi, bango biyu da ƙasa duk suna turo shi lokaci guda. Sannan a duba bayanta, akwai maɓallai biyu masu juyawa. Ɗaya na ƙarfi ne, kuma na san mijin Yaya, ya murɗe shi har ƙarshe. A mayar da shi ƙasa ƙwarai, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ƙa'idarmu ita ce, in kin rufe ido kika iya nuna inda wufa take, to ta yi yawa. Wufa ta gari ba a jin ta ita kaɗai, sai dai a ji kamar ƙananan sifikokin ne suka girma.

Ɗaya maɓallin shi ne iyaka, wato inda ƙananan ke sauke kaya ita ta ɗauka. In aka kai shi sama sai su kama abu ɗaya tare, muryar mai waƙa ta koma kamar daga cikin rijiya. In aka yi ƙasa da yawa kuma sai a bar rami a tsakani. A tsayar da shi a kan lamba tamanin. Akwai kuma ɗan makunni mai gefe biyu. A gefe ɗaya tana tafiya tare da ƙananan, a ɗayan kuwa kamar mutum biyu ne a jikin mota, wannan na turawa wancan na ja. A gwada duka, inda ganga ta fi cika a bar shi nan.

Saura wurin ajiyewa, kuma a nan ne za ki zage ni. A ɗora wufar a kan kujerar Baba, daidai inda yake zama ya saurara. A sa faifai mai ganga. Sai mutum ya durƙusa ya bi gefen bango da rarrafe, kunnensa kusa da ƙasa. Wani wurin zai ji kauri ya ɓace, wani wurin gurnani. Inda ya ji ganga ta fito tsaf, kowane bugu daban, to nan ne gidanta. A sauke ta a ajiye a wurin, Baba ya koma mazauninsa, abin da mai rarrafen ya ji shi zai ji. Wallahi ba tsokana ba ce, haka muke yi. Ogana da tumbinsa ma rarrafe yake. A sa mijin Yaya, ai shi ya ɓata.

Baba, ka rubuto mini faifan da ka fara ji.

Ɗanku,
Injiniya

*

Ɗana,

Bayan gaisuwa. Na daɗe ban amsa ba, kuma da gangan ne. Da na amsa ranar da wasiƙarka ta zo, da takardar ta kama da wuta. Na ce ka zo, ka aiko mini da darasi. Gaskiya ne kowace wasiƙata da "ka zo" take ƙarewa, amma ba kowane kira ne iri ɗaya ba, kuma kai da kake cin abinci da kunne ya kamata ka fi kowa sanin haka.

Gwiwata ta kumbura, za ka ji dalili. Babanku ya ce in rubuta maka yana lafiya. To, ya ce.

Tunda sai an faɗa, an raba falon da katako, an sauko da gadon Babanku ƙasa, matakala ta fi ƙarfinsa. Ɗakin da wufarka take ciki bai kai rabin wanda ka sani ba. Gado, kabad, kujera ɗaya, sai hanyar wucewar mutum guda.

Mijin Yaya ya yi tafiya. Babanku kuwa kullum idonsa na kan zanen nan. Ba ya roƙo, ka san shi, sai dai ya ce, "Alƙaliya, fursunan nan naki yaushe za a yanke masa hukunci?" Rannan da la'asar na gaji, na ce Yaya ta kama mini. Ka ce a ɗora a kujera, amma ba a kujera yake yini ba yanzu. Sai muka tallabo shi muka zaunar a kujerar, muka rufa masa bargo, muka ciccibi wufar da ƙyar muka ɗora a kan gado wajen matashin kai. Daga nan na aiki Yaya kantin magani, don kada ta ga uwarta na abin da rabonta da shi tun kafin ta yi haƙori.

Na rage ƙarfi, na sa iyaka a tamanin. Na ɗauko faifan nan mai koren bango da ya fi so, wanda tun muna sabon aure nake ce masa ya kashe. Na tattare zane na durƙusa.

Ya ce, "Allahu akbar. Yau ga Alƙaliya a gaban kotu."

Na ce ya yi mini shiru ina saurare.

Ya ce, "Ɗaga murya, mai laifi, kotu ba ta ji."

Na ɗaga kai na maimaita don ya ga bakina. Sai ya ce, "To yi hagu. In kin kai ƙarƙashin kabad ki duba mini murfin birona, tun bara yake can."

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa. Ina durƙushe a tsakiyar ɗaki hannu biyu a ƙasa ina jira, ban san ko in tashi ko in ci gaba ba. Da ya lafa sai ya yi mini alama da yatsa in ci gaba.

A bakin ƙofa babu komai, kamar an kashe ta. A jikin katakon da aka raba falon, karkarwa kamar zai faɗo mini a ka. Ƙarƙashin taga gurnanin nan ne na ranar farko. Gwiwa na ci, ina cewa a raina in na kama yaron nan sai na ja kunnensa ko ya yi gemu. Sai a gefen kabad, wajen ƙafar gado, na ji ta. Kowane bugu daban, a natse, kamar babban mutum na taku a saman bene ba ya sauri. Duk shekarun nan ban san akwai wannan gangar a cikin faifan ba.

Da Yaya ta dawo muka sauke ta a wurin, muka mayar da shi gado. Na gwada ɗan makunnin gefe biyu, ya ɗaga hannu a na biyun. Ya rufe ido. Can sai na ga yatsansa na bugawa a kan bargo, daidai da gangar, ba ya kuskure. Ya ce, "Ga shi nan. Ga mai gangar nan, ashe bai tafi ba." Hawaye ya gangaro masa ya shiga kunne, bai share ba. Da faifan ya ƙare ya ce, "Yaron nan ya iya aikinsa." Yaya ta fita tsakar gida ta daɗe ba ta shigo ba.

Duk da haka ta fi ƙarfin ɗakin. Da an ɗan ƙara sai katako ya kama ɓari. Ragowar gyaran naka ne, ni iyakata ke nan.

Tun kana yaro umarni nake ba ka, ban taɓa roƙonka ba. Yau roƙo nake. Ka zo.

Mahaifiyarka

Injiniya, na ji ganga. Allah ya yi maka albarka. Maganar matakala tsufa ne kawai. Aiki tukuna. Babanka.

*

Baba da Umma,

Ina gaisuwa, ina lafiya. Umma, ke da kanki! Wallahi da na san ke za ki durƙusa da ban rubuta ba. Sannu, Allah ya ba gwiwa lafiya, a riƙa gasawa da ruwan ɗumi. Baba, labarin yatsan nan ya fi mini duk yabon da aka taɓa yi mini a wurin aiki.

Amma me ya sa ba a gaya mini tun farko an raba falon ba? Ai wannan ya canza komai. Wufar nan ta babban wuri ce, tana da rami a gaba da take huro iska. A ƙaramin ɗaki mai bangon katako ba za ta taɓa zama lafiya ba, kamar a ɗaure doki ne a kicin. Ƙarama Baba yake bukata, rufaffiya ruf, wadda in ta buga take tsayawa nan take, ta yi tafiya ɗaya da tsofaffin sifikokinsa. Ba saya zan yi ba, da hannuna zan haɗa. Har na samo katako mai launin nasu, ina taɓa aikin da safe kafin mu fita.

Na ji roƙonki, Umma, kuma ya taɓa ni. Amma ba na so in zo hannu rabbana in tarar da kuskurena zaune a ɗakin yana kallona. Ƙarshen watan gobe za a buɗe ɗakin taron nan. Washegari zan kamo hanya da ita a cinyata, in daɗe a gida, in yi rarrafen da kaina, ke kuma ki zauna a kujera ki rama dariya.

Kafin nan a cusa tsohuwar safa a ramin gaban, gurnanin zai ragu. In akwai tsohuwar katifa a jingina ta a jikin katakon.

Na ga rubutun Baba ya ɗan karkace. A kai shi a duba masa tabarau.

Ɗanku,
Injiniya

*

Babansu bai kai ƙarshen watan goben ba. Ranar da numfashi ya fara sarƙewa Yaya ta karya alkawari ta buga wa ƙaninta waya. Ya bar komai ya kamo hanya, amma ya iso an riga an kai uban makwancinsa. Ya zauna aka karɓi gaisuwa da shi, ya koma bai ce mini komai ba ban da gaisuwar safe. Bayan wani lokaci wannan wasiƙar ta zo.

*

Umma,

Na iso lafiya. Ina fatan kina lafiya. Ya ƙarin haƙuri?

Na kasa yi miki magana a gida. Mutane sun cika, kuma ina tsoron abin da bakina zai faɗa.

Na shiga ɗakin. Na ga tukunyar iskar numfashi a bayan kabad. Na ga safa a ramin wufa, na ga katifa a jingine, duk yadda na ce. Yaya ta gaya mini tun kafin in aiko da akwatin likita ya riga ya gama magana. Wato ina can ina zaɓen katako mai launi, ku kuna nan kuna kallon abin da kuke kallo.

Umma, kalma ɗaya ta isa. Ke da ba ki taɓa ɓoye mini laifina ba ko a gaban baƙi, ke ce kika ɓoye mini wannan. Kina ta ce mini ɗaki, ɗaki. Ni ɗaki ne sana'ata. In aka ce mini ɗaki ya canza, bango nake tunani da rufi.

An buɗe ɗakin taron ba tare da ni ba. Wani aka ɗora, kuma duniya ba ta tashi ba. Ƙaramar wufar na nan a ƙarƙashin gadona, ko fenti ban shafa mata ba.

Ban san ranar da zan iya sake shiga gidan nan ba. Kada ki jira ni.

Ɗanki

*

Ɗana,

Bayan gaisuwa. Haƙuri mun gode Allah. Lafiyata ga ta, ba ƙari ba ragi. Gwiwa ta sauka. Amma makon jiya jiri ya kayar da ni a kicin, Yaya ta kai ni asibiti. Likita ya ce jinina ya hau ƙwarai kuma zuciyata ta ɗan kumbura. Ya ce magani zai iya riƙe ta in na kiyaye, in ban kiyaye ba ba ya ɗaukar mini alkawarin komai. Ina shan maganin, Yaya na tsaye a kaina kamar ɗan sanda.

Ba zan yi maka faɗa a kan lafazinka ba, wannan karon kawai.

Ka ce me ya sa. Ubanka yana saurayi ya samu gurbin koyon gyaran injuna, aikin da ake yi da farar riga. Nasa uban ya kwanta, ya bar komai ya tafi jinya. Ya dawo an ba wani, sai ya ƙare a ɗakin saƙa, inda aka cinye masa kunne da huhu. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba, amma abin da yake gudar maka ke nan. Ya riƙe hannuna ya ce in yi masa alkawari, mutumin da tsawon zamanmu bai taɓa neman komai a wurina ba sai in bar shi da faifansa. Na riƙe masa. Ko daidai ne ko ba daidai ba, Allah ne zai yi wannan shari'ar. Kai ma kana da naka: uwarka ta ce roƙo take, ka ce mata sai ƙarshen watan gobe. Kowa ya ɗauki kayansa. Ba zan ɗaukar maka naka ba, ba kuma zan ɗora maka nawa ba.

Akwai saƙon da ya bar maka, ban samu fuskar faɗa ba da ka zo. A kwanakin ƙarshe ɗan jin da ya rage masa ma ya tafi, ko na yi ihu sai dai ya kalli bakina. Duk da haka kullum da la'asar sai ya nuna faifai. Ya sa muka jawo wufar jikin gado ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya ce in cire safar in ƙara ƙarfi, katako ya yi ta ɓarinsa. Safar da ka gani, bayan rasuwarsa na mayar da ita. Da ya karanta wasiƙarka ta ƙarshe sai ya girgiza kai ya ce, "Ki ce wa Injiniya kar ya canza ta. Ƙarama kunne take nema, ni kuwa kunne ya tafi. Wannan a ƙashi nake jin ta. Ki ce masa bai yi kuskure ba." Hannunsa na kanta ranar da Yaya ta buga maka waya.

Ka ce kada in jira ka. Ba kai za ka zaɓa mini wanda zan jira ba.

Jiya na tara Yaya da mijinta da yaransu na faɗa musu, yanzu kai nake faɗa wa a rubuce don kada wani ya ce bai ji ba. Daga yau a gidan nan babu mai sake karɓar alkawarin ɓoye ciwo, ko wa ya nema, ko da ni ce na riƙe hannunku ina kuka. Ranar da likita ya yi magana, a ranar na nesa zai ji, kuma da sunan ciwon za a gaya masa. Wanda ya ji, ya ajiye abin da ke hannunsa ya taho. Nawa na riga na faɗa maka a sama.

Mahaifiyarka